Azahar a Aya Sofiya

Talata, Istanbul.

Yau ban leƙa Laleli, unguwar 'yan kasuwa, ba, masu kaya sun ce sai gobe za su gama ɗauri. Shi ne ɗan yayata da ke karatu a nan ya ce, "Kawu, tunda ka sarara, zo mu je ka ga Aya Sofiya. Ai abin kunya ne a ce ba ka san komai a garin nan ba sai shagunan abaya." Muka hau jirgin ƙasan nan na cikin gari, muka sauka a Sultanahmet.

Daga waje ginin bai burge ni ba. Ja-ja ne, jibgege, an tokare shi da manyan katangu ta kowane gefe saboda girgizar ƙasa. Sai da na cire takalmi na shiga na ɗaga kai, sannan bakina ya mutu. Faɗin ƙubbar ya kai mita 31, tsayinta daga ƙasa kusan mita 55, kuma an zagaye gindinta da tagogi 40, saboda haka haske ya raba ta da bangon da ke ɗauke da ita. Na tuna da rufin bakan gizo na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Damuwar magini ɗaya ce ko'ina: yaya zai rufe fili mai faɗi ba tare da ya cika shi da ginshiƙai ba.

Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya sa aka gina Aya Sofiya a matsayin coci, daga shekarar 532 zuwa 537. Ƙubbar farko ta rufta a 558, aka sake ɗaga ta. Ta yi shekara fiye da 900 a hannun Kirista kafin Sarki Muhammad Alfatih ya ci garin a 1453 ya mayar da ita masallaci. A 1934 gwamnatin Ataturk, shugaban Turkiyya na lokacin, ta ce gidan tarihi ne, a watan Yulin 2020 kuma aka dawo da salla.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sahu. Da aka tayar da iƙama muka miƙe, sai na ga layukan kafet ba su bi tsarin ginin ba, sun ɗan karkace zuwa dama. Mihirabin ma ba a tsakiyar gurbinsa yake ba, an gusar da shi. Dalili kuwa, maginan farko ba Makka suka nufa ba. Turkawa ba su rushe bangon don ya dace da alƙibla ba, sai suka juya masu salla suka bar ginin yadda suka same shi. Ni dai wannan ya fi mini duk wani adon zinare da na gani yau.

Sama da mihirabin akwai fararen labulaye. Bayansu hoton Nana Maryam ne riƙe da jariri, wanda Kirista suka yi a matsayin Annabi Isa (AS), tun shekarar 867. A gefe da gefe ga manyan faifai masu rubutun zinare, kowanne faɗinsa mita bakwai da rabi: Allah, Muhammad (SAW), halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. Rubutun Mustafa Izzat Efendi ne, lokacin gyaran da aka yi tsakanin 1847 da 1849. Shi ne kuma ya rubuta ayar "Allahu nurus samawati wal ard" a tsakiyar ƙubba.

Bayan salla muka sayi tikiti muka hau bene, inda 'yan yawon buɗe ido ke bi. Babu matakala, hanya ce ta dutse mai hawa a hankali, gwiwata ta gode. A can na ga hotunan kusa da kusa. Ba fenti ba ne, ƙananan gutsattsarin gilashi ne da duwatsu masu launi aka jera ɗaya bayan ɗaya, har kumatu da inuwar ido suka fito. Da yawansu yaɓe aka yi musu a zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa, ba a kankare su ba, sai a 1931 aka fara tone su.

Wata dattijuwa ta tsaya gaban ɗaya daga ciki, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta da sauri, tana share ido. Na ce wa yaron, "Ka ga abin da ya faranta mana, ita ciwo yake mata." Ya ce, "Haka ne Kawu, amma babban masallacin Ƙurɗuba a Sifaniya fa? Tun 1236 coci ne, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki." Na ce gaskiya ne, sai dai hawayen tsohuwar nan ba ruwansu da Ƙurɗuba. Muka yi ta musu har muka sauko, ba wanda ya sallama.

La'asar a masallacin Sultan Ahmad muka yi, tsallaken fili, mai hasumiya shida. Ya fi tsafta da tsari, tayil shuɗi ko'ina, sahu ya miƙe sambal da bango. Ban daɗe ba, yunwa ta kore ni.