Yawon ƙafa a Charleston, ni kaɗai

Da na gaya wa Yaya cewa a Charleston zan yi hutuna, sai ta ce, "Wa kika sani a can?" Na ce babu kowa. Ta yi shiru, can ta ce Allah Ya kiyaye hanya, amma in riƙa kiranta kullum bayan isha'i. A wajenmu tafiya zumunci ce ko fatauci ko neman ilimi. Mace ta ɗauki jaka ta tafi kallon gine-gine kawai, wannan sai an yi bayani.

Garin yana bakin teku a jihar Karolina ta Kudu a Amurka, kan wani zirin ƙasa tsakanin kogin Ashley da kogin Cooper. Turawan Ingila ne suka kafa shi a 1670, suka raɗa masa sunan sarkinsu. Tsohon garin ƙarami ne, ƙafa ta ishe shi, in kuma ka gaji akwai bas ɗin DASH da ke zagayawa kyauta. Zafinsa ne abin tsoro. Ba irin namu na Kano ba ne mai bushewa, wannan mai gumi ne, kana tsaye a inuwa zufa na karyo maka. Don haka da na idar da asuba nake shiri, gari na wayewa in fita.

Kyau kam akwai shi. A titin East Bay akwai jerin gidaje 13 da aka yi wa fenti kala-kala, kowa can yake zuwa ɗaukar hoto, ni ma na roƙi wata tsohuwa ta ɗauke ni. Gidajen garin da yawa ba sa fuskantar titi, gefensu suke ba shi, da doguwar baranda a jiki don shan iskar teku. Ƙofar da kake gani daga waje ba ta falo ba ce, baranda take kai ka. A jikin bango kuma za ka ga wasu fayafayan ƙarfe, kawunan sandunan da aka zura aka ɗaure gine-ginen da su bayan girgizar ƙasar 1886.

Yawancin baƙi keken doki suke hawa, mai jagora na gaba yana zuba labari da barkwanci. Na bi bayan ɗaya na ɗan lokaci ina saurare: wane attajiri ya gina wannan, wace amarya aka yi wa wancan. Doki ba ya tsayawa, labari ma ba ya tsayawa. Ni kuwa ba mai jirana, ba mai cewa "zo mu tafi", shi ya sa na samu damar tsayawa gaban wani tsohon bango ina duba tubali ɗaya bayan ɗaya har na ga abin da aka ce in nema, wato shatin yatsu. Bayi ne suka buga tubalin garin da hannu, har da yara, kuma in an juya shi tun bai bushe ba sai yatsa ya zauna a jiki. Na sa nawa a ciki, ya yi wa ramin girma.

Dukiyar garin nan daga shinkafa ta fito, shinkafar kuwa daga gumin mutanen Afirka ta Yamma waɗanda tun a gida suka iya nomanta a fadama. Masana tarihi sun ƙiyasta kusan kashi 40 cikin ɗari na bayin da aka kawo ƙasar daga Afirka ta wannan tashar suka shigo. A matsayar jiragen Gadsden, inda aka sauke dubbansu, an buɗe gidan tarihin baƙaƙen Amurka a 2023. An ɗaga ginin bisa ginshiƙai don kada ya danne ƙasar. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan tafki marar zurfi da aka zana siffofin mutane kwance a jere, yadda ake loda su a cikin jirgi, ruwa ya rufe su ya janye, ya sake rufe su.

A nan na yi ta tunanin Umar ɗan Sa'idu, malami daga Futa Toro ta ƙasar Senegal ta yau, wanda aka sauke a Charleston a 1807, dab da a hana shigo da bayi a farkon 1808. Ya gudu daga hannun ubangidansa na farko, aka kama shi a Karolina ta Arewa, aka kulle, ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk. Bawa ne, a hannun wanda ke cewa ya mallake shi, ya fara da ayar da ke cewa mulki a hannun Allah yake. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba da ka aka zaɓi wannan sura ba. Bai samu 'yanci ba har ya rasu.

Gidan Aiken-Rhett, wani tsohon gidan masu bayi da aka mayar gidan tarihi, ya fi ko'ina shiga raina, don ba a yi masa kwalliya ba. An bar fenti yana ɓarewa, an bar ɗakunan bayi a bayan gida, saman kicin da bargar dawaki, yadda suke. Ana ba ka na'ura ka saka a kunne ka zagaya da kanka. Na daɗe a ɗakunan baya fiye da falon gaba. Haka ma tsohuwar kasuwar bayi ta titin Chalmers, wadda ta samu bayan hukumar gari ta hana gwanjon mutane a fili a 1856. Ba cinikin aka hana ba, cewa aka yi a shige da shi ciki.

Ina fitowa daga can na ji haushin Turawa ya cika ni, sai kuma Kasuwar Kurmi ta faɗo mini a rai. Mu ma an sayar da mutane a garinmu, an yi rinji, kuma har gobe akwai gidajen da ake raɗa game da asalinsu in maganar aure ta taso. Majalisar birnin Charleston ta nemi gafara a hukumance a 2018. Ko da wasu na ganin baki ne kawai, aƙalla an faɗa. Mu kawar da kai muke yi.

Batun ciki sai da lura. Suna da wani abinci na shinkafa da wake, garau-garau sak, amma da naman alade ake dafa shi, haka ma jar shinkafarsu da ganye. Kullum sai na tambaya, ƙarshe na tare a kifi da jatan lande, da wani siririn biskit na riɗi da na cika jaka da shi. Cin abinci ni kaɗai a teburi ne kawai bai taɓa yi mini daɗi ba. Ranar Juma'a na hau mota zuwa masallacin da ke can saman titin King, a nan na samu waɗanda muka yi hira.

Na shiga jirgin ruwa zuwa ganuwar Sumter, wadda aka harba wa igwar farko ta yaƙin basasarsu ranar 12 ga Afrilu, 1861. Iskar hanya ta fi wurin daɗi.

A babbar kasuwar garin matan Gullah, jikokin waɗancan manoman shinkafa, suna zaune suna saƙa kwanduna da fayafai da wata ciyawar bakin teku, sana'ar da ta faro daga faifan sheƙar shinkafa. Na ɗauki wani ƙarami, na ji kuɗinsa, na ce, "Mama, a rage mini mana, daga nesa na zo." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce kakanninta ma daga nesa suka zo, kuma kwana nawa ta yi tana saƙa shi? Ko sisi ba ta rage ba. Na biya, na kuma roƙe ta ta naɗe mini shi da kyau kada ya lanƙwashe a akwati.