Katan ɗari huɗu na taliya da abin da suka koya min

Jiya na miƙa makullan sito da littafin shige da ficen kaya, na yi sallama da yaran lodi. Waɗanda muka yi aiki tare sun san ba da daɗin rai na tafi ba, kuma abin ya samo asali ne tun 2023.

Ni tattalin arziki na karanta a Jos, amma sai da na zo Abuja na gane ashe labaran rediyo ma darasi ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi ina zaune a sito ina kallo a waya, ban ɗauka ya shafe ni ba tunda mu taliya da sukari da man girki muke sayarwa. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A tsakiyar Yuni kuma Babban Banki ya saki naira, dala a farashin gwamnati ta bar ɗari huɗu da wani abu ta haura ɗari bakwai. Duk na ji, wallahi na ji, amma ban haɗa shi da katan-katan ɗin da ke jibge a bayana ba, alhali alkamar da ake taliyar nan daga waje ake shigo da ita, da dala.

A satin ne wani kwastomanmu na Mararraba ya zo da mota biyu ya ce duk taliyar yake so, katan 400, kuɗi hannu ba bashi. Alhaji maigidanmu ya tafi aikin Hajji, na kira ya fi sau biyar bai shiga ba, kuma kafin ya tafi shi da bakinsa ya ce kada in bar kaya su kwana. Na duba farashin da muka saro, na ga da riba, na sayar, har ina jin daɗi na kwashe sito a yini guda. Bayan kwana biyu sabon farashin kamfani ya iso. Kuɗin katan 400 ɗin nan ko 350 ba su sayo ba.

Da Alhaji ya dawo a gaban yaran lodi ya ce min, kai yanzu meye amfanin digirin naka? Na ce ranka ya daɗe umarninka na bi, ya ce bai tuna ya faɗi haka ba. Wata shida ana yankar albashina. Kuskuren nawa ne, ban musa ba, amma har gobe ina ganin da ya kira ni ofis mu biyu da ya fi. Wani dattijo mai shago a kasuwar Wuse ne ya warware min abin, ya ce ɗana, in kasuwa na tashi ba a duba nawa ka saro, nawa za ka sake sarowa ake dubawa. Mun yi wannan a aji da Turanci, sai a bakinsa ya zauna min.

Daga nan na sayi ƙaramar rediyo na ajiye a taga, kullum da safe sai na ji labarai na duba dala kafin in buɗe littafi. A farkon 2024 kafin dala ta wuce 1,500 na matsa aka yi odar sukari da wuri, abin da aka samu ya rufe asarar taliya har da ƙari, ko sannu ban samu ba. Daga baya na karanta binciken Daniel Kahneman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2002, cewa zafin asara a zuciyar mutum ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girman ta. Na fahimci Alhaji, amma fahimta ba ta dawo min da albashin wata shida ba.

Sauran kuwa kowa ya gani a aljihunsa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, a shekarar da hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34, don haka in an maka ƙari ka auna shi da mudu da kuɗin mota daga Nyanya kafin ka yi murna. Harajin VAT na kashi 7.5 kuma kamfani karɓa kawai yake ya miƙa wa gwamnati, mai saye na ƙarshe ne ke biya.

Kai da za ka karɓi sito ranar Litinin, duk umarnin da aka ba ka kan farashi ka nemi a turo maka a WhatsApp ka ajiye, ko da daga bakin wa ya fito. Rediyon na nan a taga na bar maka, batir kawai za ka saya.