Kafin ka karkatar da ko sisin kobo, rubuta musu wasiƙa

Ƙannena masu ƙananan ƙungiyoyi a Gombe da kewaye, kusan duk wanda ya zo wurina tambayarsa ɗaya ce: yaya ake samun tallafin gidauniya? Ba a cika tambayata yadda ake riƙe kuɗin bayan sun shigo ba, alhali a nan ne na yi tuntuɓen da har yau nake jin ciwonsa.

Bari in fara gamawa da maganar samu, don ba ta da tsawo. Babu gidauniyar da za ta dube ka in ba ka da rajistar hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin ƙungiya mai amintattu, da lambar haraji, da takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai nema kafin ya buɗe maka asusun ƙungiya. Kuma rajista ba sau ɗaya ake yi a manta ba, akwai bayanan shekara-shekara da ake kai wa CAC. Ni na yi sakaci da su har shekara biyu, ranar da aka ce in kawo shaida cikin mako guda na rasa, damar ta wuce. Sannan ku karanta abin da kowace gidauniya ta sa gaba. Gidauniyar TY Danjuma, alal misali, lafiya da ilimi ta fi mayar wa hankali. MacArthur da ke da ofis a Abuja ta shafe shekaru, har zuwa 2024, tana kan yaƙi da cin hanci da ƙarfafa riƙon amana a gwamnati. In ka aika musu takarda iri ɗaya, ka nuna ba ka san ko ɗayansu ba.

To, ga inda na faɗi.

A farkon 2023 wata gidauniya ta amince ta tallafa mana mu buɗe azuzuwan yamma ga 'yan matan da suka bar makaranta a wasu ƙauyukan Dukku da Nafada. Aikin shekara guda ne, kuɗin kuma kaso biyu: a ba mu rabi, mu kai rahoto, sannan a sako sauran. Ni na rubuta kasafin da hannuna, na lissafa man fetur a farashin lokacin, ƙasa da naira 200 lita. Ban bar ko taƙi don sauyin farashi ba, saboda ina tsoron in kuɗin suka yi yawa za a ƙi mu. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, cikin kwana biyu lita ta haura naira 500. Wanda ya san nisan Nafada daga cikin Gombe ya san abin da wannan ke nufi. Kuɗin zirga-zirgar da na ware wa wata shida suka ƙare kafin tsakiyar damina.

Sai na ɗebo daga kuɗin horar da malamai na zuba a mai. Bayan 'yan makonni iska ta yaye rufin ɗaya daga cikin azuzuwanmu, mai unguwa ya kira ni, yara na zaune a ƙarƙashin bishiya. Na sake ɗebowa daga kuɗin littattafai na sayi kwano da katako da ƙusa. Wallahi ko kobo bai shiga aljihuna ba, kuma a lokacin gani nake na yi abin da duk mai tausayi zai yi. Abin da ban yi ba shi ne in ɗauki waya ko in rubuta layi biyar ga jami'ar da ke kula da tallafinmu. Kunya ce ta hana ni. Ina ganin in na ce kasafina ya gaza, za su ɗauke ni wanda bai iya aiki ba.

Da lokacin rahoto ya yi, akantansu ya ɗora abin da na kashe a kan abin da muka sa wa hannu, layi bayan layi. Rufi ba ya cikin yarjejeniya. Mai ya ninka abin da aka amince. Ga kuma tulin kuɗin da muka biya 'yan acaba da masu dafa abinci da kafinta, babu rasit, babu sa hannu, babu ko dangwalen yatsa. Jami'ar ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kusan duk ƙungiyoyin da suke tallafa wa sun rubuto a watan Yuni suna neman a gyara musu kasafi saboda tsadar mai, kuma an gyara musu. Da na rubuto, da an duba nawa. Maganar rufin ma da an saurara. Amma yanzu kuɗi ne da aka kashe ba da izini ba, ƙa'idarsu kuma ita ce a mayar.

Ku fahimci wannan da kyau, don ni sai da na sha wuya na gane. Kuɗin gidauniya ba sadaka ba ce da aka damƙa maka ka yi alheri yadda ka ga dama. Amana ce mai sharaɗi, kowane layi da abin da aka ɗaure shi da shi, kuma ita ma jami'ar akwai waɗanda take yi wa bayani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin da aka yi ciniki, ba wanda kai ka ga ya fi dacewa ba. Yawancin yarjejeniyoyi suna faɗin iyakar abin da za ka iya matsarwa daga wani layi zuwa wani ba tare da neman izini ba. Tawa ma ta faɗa, a shafin da ban tsaya na karanta ba don ɗokin sa hannu.

Akwai wani abin da ya ƙara jefa ni. Amintattun ƙungiyarmu a lokacin kawuna ne da abokaina biyu, mutanen kirki, amma babu mai iya ce mini a'a. Mai sa hannu na biyu a banki yakan sa mini hannu a cek tun ba a cike ba, don ya yarda da ni. Da akwai mutum ɗaya da zai ce, "Malam, ina takardar izinin wannan?" da abin bai kai haka ba. Ku nemi irin wannan mutumin ku sa shi cikin amintattu, ko da zai riƙa ɓata muku rai. Ku buga ƙaramin littafin bauca, duk wanda aka biya ko naira 500 ce ya sa hannu ko ya dangwala, a rubuta kwanan wata da dalili a ranar, ba a daren rahoto ba. Ku kuma tuna cewa ko da ƙungiya ba ta neman riba, harajin albashin ma'aikatanta yana kanta ta cire ta kai wa hukumar haraji ta jiha, mai binciken kuɗi zai tambaya.

Mun mayar da kuɗin. Na sayar da filina na gado, kawu ya cika sauran. Amma kaso na biyu ya makale wata huɗu ana bincike, kuma a wata huɗun nan malamanmu ba su ga alawus ba. Biyu sun haƙura, ɗaya ta bari, ba kuma na ganin laifinta, tana da 'ya'ya. Ajinta ya rufe. Da muka sake buɗewa bayan girbi, na tsaya a bakin ƙofa da rajista a hannu ina kiran suna. Wasu daga cikin 'yan matan an riga an ɗaura musu aure, wasu sun koma talla, ajin da ke cika har bakin taga bai kai rabi ba, a ƙarƙashin sabon rufin da na saya.