Tayar da mazaran tsohon injin kaɗi a Damagaram

Injin kaɗi mai zobe, wanda Ba'amurke John Thorp ya ƙirƙiro a 1828, shi ne har yau yake kaɗa kaso mafi girma na zaren auduga a duniya. Wanda muka tayar a nan Damagaram tsoho ne, an sayo shi daga wata masaƙa da ta rufe, kuma ya jima a ajiye kafin ya zo hannunmu. Dinamo da haƙoran giya ba su ba mu wuya ba, duk wanda ya saba da injin niƙa zai iya da su. Mazarai ne suka cinye aikin, kuma a kansu nake so in yi bayani, domin ilimin da makaniken mota ko na injin niƙa yake taƙama da shi, a nan yana iya zama shi ne ɓarna.

Mazari kashi biyu ne. Na sama shi ne mai juyawa: tsinken ƙarfe mai tauri, da rigar alminiyam da ake zura kwarkwaron zare a kanta, da ɗan fuli inda bel yake kamawa. Na ƙasa kube ne da aka ɗaure da noti a jikin dogon ƙarfen injin, ba ya motsi, kuma cike yake da mai. A bakin kuben akwai rulma, wato boris, mai ƴan sanduna maimakon ƙwallaye. A can ƙasa akwai gurbin da ƙafar tsinken take zama, shi ba rulma ba ne, ƙarfe ne a kan ƙarfe da mai a tsakani. Gurbin nan yana cikin wani siririn bututu mai ɗan lanƙwasuwa, an kuma nannaɗe bututun da fallen ƙarfe mai laushi, zagaye bisa zagaye, mai yana kwance a tsakanin kowane zagaye.

Duk yaron da ya fara kama mazari ya girgiza kan tsinken, sai ya ce: "Maigida, wannan ai ya saki." Bai saki ba, haka aka ƙera shi, kuma lissafi ne ya tilasta hakan. Kwarkwaro da zarensa ba su taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari a tsakiya. A ce nauyinsu giram 100 ne, tsakiyar nauyin ta kauce da milimita 0.1 kawai, kaurin takarda ke nan. A juyi 12,000 a minti, wannan ƴar kaucewa tana fizgar mazari gefe da ƙarfin da ya kai kilo 1.6, kuma fizgar tana zagayawa sau 200 a daƙiƙa. In aka kai juyi 18,000, kamar yadda injinan zamani suke yi har su wuce, fizgar ta zama kilo 3.6, domin in gudu ya ninka biyu, ita ninkawa huɗu take yi. Da a ce an ƙulle tsinken sama da ƙasa tam, da duk dukan nan a kan rulma zai sauka. Sai maƙeran suka bar wa ƙafar ɗan sarari. Mazari yana da wani gudu, can ƙasa da gudun aiki, inda yake rawa ƙwarai. Da ya ƙetare shi sai ya nemi tsakiyar nauyinsa da kansa ya miƙe, sauran rawar kuma man da ke matse cikin naɗin ƙarfen ya shanye ta. Tun mazarin da Ba'amurke Rabbeth ya ƙera wajen 1878 aka kama wannan hanya, ba a kuma sake ta ba. Wanda ya taɓa kallon tsohuwa tana kaɗi ya ga abin da idonsa: ba ta damƙe mazari, tsininsa kawai take dasawa a taskira ta murza, gululu ya ɗauki juyi, sandar ta tsaya cak.

Saboda haka shawarar da aka fi kawo mana, wai a kai kube wurin mai tur, wato injin sassaƙa ƙarfe, a faɗaɗa shi a dasa ƙananan rulma biyu na ƙwallo a cika da giris, ba na karɓarta ko da wasa. Zai juya, har ya yi daɗin ji a hannu in babu kaya a kansa. Ɗora masa cikakken kwarkwaro ka kai shi gudun aiki, ka ji kuka, ka taɓa kuben ka ji zafi, zare kuma ya dinga tsinkewa.

Akwai wata dabara a zaman fulin. An yi shi kamar ƙararrawa, ya kife a kan rulman wuya, ta yadda jan bel yake bi ta tsakiyar rulman daidai, ba sama ba, ba ƙasa ba. Da ya goce, da bel ya dinga karkata tsinken yana danna ƙafarsa gefe guda. Wannan ne kuma ya sa girman rulma yake yanke girman fuli. A mazaran zamani wuyan tsinke milimita 6.8 ne, fuli kuma ya sauko wajen milimita 18.5 zuwa 20, domin ƙaramin fuli yana rage gudun da bel zai yi, wutar da ake ci ta ragu. Tsofaffi irin namu sun fi haka kauri, shi ya sa ba a kai su gudun sababbi.

Ga yadda muka bi su. Kafin a zare komai, a sa wa kowane mazari lamba, sama da ƙasa, domin kowane tsinke ya koma kubensa. Rulman wuya ba shi da zoben ciki, sandunansa kai tsaye suke gudu a jikin tsinken, sun riga sun saba da juna. A ɗage ƙugiyar da ke hana saman fita, a zaro shi a miƙe, kada a karkata shi ya ƙarci sanduna. A zuƙe tsohon mai a zuba a farin faranti a duba. Baƙi mai ƙyalƙyali, ƙarfe ne ya ci. Ja-ja kamar kunun kanwa da ya ji jar dawa, tsatsa ce, ruwa ya shiga. In ka murza a yatsa ka ji ƙasa-ƙasa, ƙura ce. Daga nan a wanke kuben da kananzir mai tsabta, a zuƙe, a sake ɗauraye shi da ɗan sabon man mazari, domin kananzir da ya saura yana tsinka mai.

Wurare biyu ake dubawa a tsinke, kuma a fito da shi hasken rana, kada a dogara da fitilar shago. Na farko wuyan, inda sanduna suke gudu. Lafiyayye yana sheƙi bai ɗaya kamar an goge shi. In ka ga ƴan layuka a tsaye, jere da tazara daidai da tazarar sanduna, to an buga shi ko kuma ya sha girgiza yana tsaye. Da yawa daga namu a hanya suka samu wannan tabo, domin an ɗoro injin a babbar mota da mazaransa a jiki, kowane rami sanduna suna dukan wuri guda babu mai a tsakani. Wanda zai yi jigilar irin wannan inji ya zare saman mazarai, ya shafa musu mai, ya naɗe kowane daban, ya toshe bakin kube. Na biyu tsinin ƙafa. Ya kamata ya zama santsi, da siffarsa ta asali. In ya baje, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi gudu babu mai, zafi ya kashe taurinsa. Irin wannan ba ya gyaruwa. Ƙarfen irin na rulma ne, taurinsa wajen 60 a ma'aunin Rockwell, an kuma goge shi da inji zuwa awon da zarto ko takardar yashi ba za su taɓa maidowa ba. Goge wuyan da takardar yashi ƙara sarari ne kawai tsakaninsa da sanduna.

Wanda ya tsallake wannan sai a gwada miƙewarsa. A kwantar da tsinken a kan ƙarfe biyu masu bakin V, a ɗora agogon awo a kan rigar alminiyam kusa da ƙarshenta, a juya a hankali. Mu dai in allura ta yi lilo fiye da milimita 0.05, gefe muke ajiye shi. Yawancin lanƙwasar daga hannun ma'aikata take: kwarkwaro ya maƙale, a kama a yi ta karkaɗawa hagu da dama, ko a buga da ƙarfe. A miƙe ake cire shi.

Sai batun mai, inda na fi so a saurare ni. Man mazarin auduga siriri ne ƙwarai, lambarsa ISO VG 10, kusan kamar ruwa yake zuba. Man inji na SAE 40 da ake samu a kowace kwana ya fi shi kauri fiye da sau goma. Aikin mai a kube uku ne: yana raba ƙafar tsinke da gurbinta, yana shanye rawa a cikin naɗin ƙarfe, yana kuma hawa jikin tsinken kaɗan-kaɗan ya kai wa rulman wuya. Mai kauri ba ya hawa yadda ya kamata, yana riƙe tsinke ya ƙara cin wuta da zafi, ya kuma sandarar da naɗin har ƙafar ta rasa sararin da aka bar mata. Giris ya fi muni. Wasu suna cewa ai zafin Damagaram, da yake wuce digiri 40 a Afirilu da Mayu, zai tsinka mai kaurin. Yana tsinka shi, amma ko kusa ba ya kai shi inda ake so. Gara a jira a samo na gaskiya daga Kano ko Yamai da a zuba abin da ke kusa. Yawansa kuma da ɗan sandan awo ake gani, tsakanin alamu biyu da maƙerin ya sa. In ya gaza, rulman wuya ne yake fara bushewa. In ya yi yawa, ya tumbatso ta ƙarƙashin fuli, ya jiƙa bel, ya ɓata zare. Kafin a mayar da tsinke, a ɗiga wa sandunan rulma digo biyu ko uku, domin man ƙasa yana ɗaukar lokaci kafin ya hawo.

Littattafan maƙera suna ba mai sa'o'i dubbai masu yawa kafin a canza, amma da ɗaki mai tace iska suka yi lissafi. Ƙurar hunturu tamu akwai garin yashi a ciki, shi kuwa yana ƙartar ƙarfe komai taurinsa. In ya haɗu da mai sai ya koma abin wasa wuƙa, yana cin sanduna da tsinke a hankali. Don haka ba ma buɗe kube ranar da hazo ya sauko. Muna yayyafa ruwa a daɓe kafin a fara, a rufe tagogin gabas da arewa, kowane kube da aka buɗe a toshe shi nan take. Jarkar mai da mazurari a cikin leda suke kwana. Tsumma mai zubar da gashi ba ya zuwa kusa. Kuma maimakon mu jira sa'o'in littafi, bayan kowane hunturu mukan zuƙi mai daga mazarai kaɗan a wurare daban-daban mu duba a faranti, abin da muka gani shi ke yanke hukunci.

Wajen ɗaurawa, noti ya kama sosai amma kada a sa bututu a ƙara wa sifana tsawo, domin kube yana iya matsuwa ya shaƙe abin da ke cikinsa. Sannan a daidaita abu uku a layi ɗaya: mazari, zoben da ya kewaye shi yake hawa da sauka, da ƴar ƙugiyar da zare yake ratsawa a sama. Ana zura faifan awo a mazari, wanda ya ɗan gaza zobe faɗi, a duba sararin da ke kewaye lokacin da layin zobba yake ƙasa, a sake dubawa yana sama. In daidai ne a ƙasa amma ya kauce a sama, mazarin a karkace yake, sai a gyara zamansa da siririn falle a ƙarƙashin kafaɗar kube. Ƙugiyar sama kuma da igiyar magina ake saita ta, tsinin nauyin ya sauka a tsakiyar kan mazari. Dalilin wannan wahala shi ne ɗan guntun wayar da ke zagaya zobe yana jan zare. A zobe mai faɗin milimita 45 da juyi 12,000, gudunsa ya kai mita 28 a daƙiƙa, sama da kilomita 100 a sa'a. In mazari ya kauce, zare yana tsukewa ya saki a kowane zagaye, sai gashi da tsinkewa, zoben ma ya cinye gefe ɗaya.

Bel ɗaya mazarai huɗu yake ja a irin namu. Zamewarsa ba ta yin ƙara, ba ta zafi, a zare kawai take fitowa. Juyi 12,000 da zare mita 15 a minti yana ba da murɗi 800 a kowace mita. Bel ya zame da kashi 3 cikin ɗari, murɗi ya koma 776, masaƙi ya samu zare mai rauni daga mazarai huɗu a cakuɗe da mai kyau, marini kuma ya ga launi ya kama ba daidai ba. Maganinsa a tsaftace fuli, a cire zaren da ke naɗewa a ƙarƙashinsa, a tabbata abin da ke ɗame bel yana motsi. Ɗame shi fiye da kima ɗora wa rulman wuya kaya ne.

Kwarkwaro na roba kada a bar shi a rana ko a jikin kwanon rufi, yana lanƙwashewa, kuma lanƙwasasshe ko wanda bakinsa ya buɗe yana sa lafiyayyen mazari rawa. Kafin ka zargi mazari, canza masa kwarkwaro tukuna.

Ranar tayarwa, mun fara babu zare, a gudu ƙasa da na aiki, muna bin layi muna ɗora bayan yatsa a kowane kube. Ɗumi bai ɗaya ake nema. Wanda ya fi maƙwabtansa zafi, ko wanda ka dafa farce a kansa ka ji yana sisi, a tsayar a zare shi. Bayan sa'o'in farko a sake auna mai, domin naɗin ƙarfe yana shan nasa kaso, awon ya sauka. Daga nan ake ƙara gudu mataki-mataki da cikakken kwarkwaro. Namu mun tsayar da shi a 12,000, domin daga nan zuwa sama tsinkewar zare da zafin kube suna cinye ribar da ƙarin gudun zai kawo, musamman da rani, lokacin da iska ta bushe auduga take tashi.