Kafin ka ɗaura waya a kan batir, ɗauki biro

Ƙannena masu koyon aikin wayar lantarki da haɗa sola, akwai lissafi guda biyu da nake so ku riƙe kamar sunanku. Idan ka raba bolt (ma'aunin ƙarfin turin wuta) da amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), abin da ya fito shi ne turjiyar waya ko ta na'ura, wadda ake aunawa da om. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya fitar da wannan a 1827, shi ya sa ma'aunin ke ɗauke da sunansa. Na biyun kuwa, bolt sau amfiya shi ne wat, wato ƙarfin da na'ura ke ci. Duka mun haddace su a aji, amma ni ban ɗauke su da muhimmanci ba sai da na kusa jawo wa wasu bayin Allah gobara.

Ina sabon shiga aikin sola, wani magidanci ya kira ni in haɗa masa inbata (na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida) mai wat 1,000 da batir mai bolt 12. Na ɗauko ragowar waya mai kauri 2.5 (mm²), irin wadda muke jan soket da ita, na ja daga batir zuwa inbata, tsawon kamar mita 2. A tunanina, wayar da ke ɗaukar wutar NEPA mai bolt 230 ko gezau ba ta yi, ina ga bolt 12 da ko ka taɓa ba ya jan ka? Da daddare suka kunna kayansu har inbatar ta kusa cika. Ƙauri ne ya ankarar da uwargida. Da na zo washegari, robar wayar ta narke ta manne da bango, jan ƙarfen ya fito tsirara, ya yi baƙi. Tsakaninsa da labule bai kai taƙi ɗaya ba, kuma a ɗakin yara ke kwana. Allah ne ya kiyaye.

Ga abin da minti biyu da biro za su nuna mini. Wat 1,000 a raba da bolt 230, amfiya 4.3 ke nan, abin da wayar soket ke ɗauka cikin sauƙi. Amma wat 1,000 ɗin nan a raba da bolt 12, amfiya 83 ne, har ma ya ɗara, tunda ita kanta inbatar tana cin nata rabon. Waya kuwa ba ruwanta da yawan bolt wajen yin zafi, amfiyar da ke bi ta cikinta ce ke dafa ta.

Mu bi shi har ƙarshe, domin a nan darasin yake. Wayar jan ƙarfe mai kauri 2.5 tana da turjiyar kusan om 0.007 a kowace mita. Zuwa da dawowa mita 4, om 0.028 ke nan, adadin da za ka raina. Ninka shi da amfiya 83, sai ka ga bolt 2.3 sun salwanta a hanya kafin su isa inbata. Sake ninka bolt 2.3 da amfiya 83: kusan wat 190 na zafi tsantsa a cikin 'yar guntuwar waya. Da amfiya 4.3 ne ke bi ta cikinta, zafin zai tsaya a kusan rabin wat kawai.

Ku lura da yadda abin ke hawa. Amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Shi ya sa idan kaya suka yi yawa ake komawa batir mai bolt 24 ko 48, amfiyar ta sauko 42 ko 21. Dalilin ke nan kuma da manyan layukan da ke tasowa daga Kainji da Shiroro ke ɗaukar bolt 330,000. Saboda haka tsakanin batir da inbata ka sa waya mai kauri sosai, gajeriya, da fis kusa da kan batir. Ko mai gida ya ce ta yi tsada, zauna ka yi masa lissafin a gabansa, kada ka ji nauyinsa.

Haka nan soket ɗin gida: fis mai amfiya 13 sau bolt 230, kusan wat 3,000 ne iyakarsa. Hitar ruwa da dutsen guga a kan soket ɗaya sun isa su zarce hakan.

Sai kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce. Juya bayan na'urar ka karanta kafin ka jona. Hita mai wat 1,000 ta can tana jan amfiya 8.3, turjiyarta kusan om 14.4 ke nan, kuma wannan turjiyar ba ta sauyawa don ta zo Kano ko Maraɗi. Ka ba ta bolt 230, za ta ja amfiya 16, ta ci wat sama da 3,600. Idan ka ga 120 kaɗai a rubuce, ajiye ta sai an samo mata taransifoma mai rage wuta, wadda wat ɗinta ya fi na na'urar.