Haɗa tankin ƙasa na kifin ruwan gishiri a Maradi: a fara da lissafin ɗaukewar kuran

Duk wanda zai haɗa wa kifin ruwan gishiri tankin ƙasa a Maradi, tun kafin ya sayi tiyo ko guda, ya fara amsa tambaya ɗaya: in kuran ya ɗauke, ina ruwan zai tafi? Tankin ƙasa shi ne ƙaramin da ke ɓoye cikin kabad, ƙarƙashin babban. Ruwa na malalowa daga sama ya sauko cikinsa, a tace, inji ya sake tura shi sama. Da injin ya tsaya, ruwan sama bai tsaya ba, kuma in ba a bar masa wuri ba, tsakar ɗaki zai kwana.

Lissafin ba wuya. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50 yana cin lita 300, kuma kowane santimita ɗaya na ruwansa lita 6 ne. Ruwan zai yi ta sauka har ya kai ƙasan haƙoran akwatin malala, wato akwatin da ke cikin babban tanki wanda ruwa ke bi ta tsagin bakinsa ya sauko, ko bakin tiyon da ke mayar da ruwa, duk wanda ya fi nutsewa. In santimita 3 ne, lita 18 ke nan. Ƙara lita 4 na abin da ke cikin tiyoyi da sikima, na'urar nan mai fid da datti ta kumfa. A tankin ƙasa mai 80 da 40 da 40, santimita ɗaya bai wuce lita 3.2 ba, don haka lita 22 za su hau kusan santimita 7. Kada ka tsaya kan 7. Bar 12 ko 15 fanko, ka sa alama a jikin gilashi, kada kowa a gidan ya ƙetare ta wajen ƙara ruwa.

Inda aka fi shan wuya shi ne tiyon mayarwa. Da inji ya mutu sai ya juya ya riƙa zuƙo ruwa ƙasa, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota, kuma ba zai bari ba sai bakinsa ya shaƙi iska. In bakin ya nutse santimita 10, lita 60 za su sauko. Maganinsa a ɗago bakin kusa da saman ruwa, santimita 2 ko 3. Ana kuma huda ɗan rami na milimita 3 a jikinsa, daf da ƙarƙashin ruwa, amma gansakuka da gishiri na toshe shi, sai ana bin sa da tsinken sakace kowane mako. Makullin nan mai hana ruwa komawa baya kuwa, ban yarda a dogara da shi ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a bakinsa, ya riƙa yoyo a hankali, kuma in kuran ya daɗe bai dawo ba, a hankalin ma ya isa ya cika ɗaki.

Tiyon saukarwa biyu ake so, kowanne milimita 32 ga tanki irin wannan. Na farko bakinsa a nutse cikin akwatin malala, da makulli a kansa. Ana matse makullin kaɗan-kaɗan har tiyon ya cika da ruwa zalla ba iska, sai ƙarar nan ta ƙululu ta ɗauke. Makulli mai murɗawa ya fi mai hannu ɗaya daɗin saitawa. Na biyu na ko-ta-kwana ne: bakinsa sama da ruwa kaɗan, ba makulli a kansa ko kusa. Ranar da katantanwa ko ɗan kifi ya toshe na farko, shi zai ɗauki ruwan duka, kuma ƙararsa ce za ta sanar da kai. Tiyon farko ya sauka a miƙe ko a karkace, kada ya kwanta, kuma bakinsa na ƙasa ya nutse santimita 2 zuwa 3 kawai. In ya fi haka zurfi, iska na maƙalewa ciki idan kuran ya dawo, tiyon ya ƙi cika ya kama zuƙar ruwa.

Huda gilashi don tiyoyin su ratsa sai da bakin huji mai lu'ulu'u, ana zuba ruwa, ba a dannawa. Tazarar rami da gefen gilashi kada ta gaza faɗin ramin kansa. Gilashin da aka gasa don ƙarfi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi, kuma wasu tankunan gindinsu irinsa ne, saboda haka a tabbatar tukuna. Mahaɗin da ke ratsa ramin, zoben robarsa yana ɓangaren kansa mai faɗi, ba ɓangaren noti ba. A ɗaure da hannu, a ƙara kwatan juyi. Wanda ya sa sifana ya matse iya ƙarfinsa, ko zoben ya murɗe ko gilashi ya tsage.

Ka tsaya kan mai gyaran famfo in ka kira shi. Ya saba da makullin tagulla, kuma a ruwan gida yana da gaskiya, amma ruwan gishiri na cin tagulla da jan ƙarfe, kuma ɗan abin da ya narke ya isa ya kashe murjani da jatan lande. Komai ya zama PVC. A gwada haɗin a bushe, a sa alama, a shafa gam, a ba shi awa 24. A sa mahaɗi mai kwancewa kusa da inji don ranar wanki. Silikon ɗin liƙa gilasan da ke raba ɗakunan tankin ƙasa ya zama marar maganin funfuna, ba na banɗaki ba.

Inji ya iya juya ruwan tankin sau 3 zuwa 5 a awa, wato lita 900 zuwa 1500, bayan an cire abin da tsayi da gwiwoyi ke ragewa. Adadin da ke jikin kwali na injin da bai hau ko'ina ba ne. Kada a kai ga babba fiye da kima, don zafinsa cikin ruwa yake zuwa, alhali kifin nan digiri 24 zuwa 27 yake so, ga bazarar Maradi tana haura 40. Fanka a kan tankin ƙasa na rage zafi, amma tana ƙara shanye ruwa, haka ma iskar hunturu. Duk ragin a ɗakin inji na tankin ƙasa yake bayyana: ɗaki mai 20 da 40, lita 4 suka tafi, ya sauka santimita 5. Gishiri ba ya bin tururi, don haka ruwan da aka tace marar gishiri ake ƙarawa, kullum.

Gwaji da ruwan famfo ake yi. A cika, a kunna, a zare waya a jira minti 15 ana kallon alama, a mayar a ga ko zuƙar ta kama da kanta. A toshe tiyon farko da hannu a ga na biyu ya ɗauka. A maimaita sau uku, a shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin kowane haɗi ta kwana. In ta wayi gari a bushe, sai a zubar a dama na gishiri, kimanin giram 35 a lita, a auna nauyinsa bisa na ruwa zalla ya ba da 1.025. Gishirin da aka haɗa don kifin teku ake nema; na miya ko na Bilma ba su da sauran sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su.