Girman kumfa da hasken hoton sikanin

Ɗaliban da ke koyon sikanin a asibitocin Abuja sukan ɗora wa na'ura laifi idan an yi allurar kumfa, wato ƙananan kumfar iska da ake sa wa ta jijiya don haskaka hoton sikanin, amma hoton hanta bai yi haske ba. Sau da yawa ɓarnar tsakanin kwalba da jijiya ta faru.

Kumfar da ke cikin kwalba ba girmansu ɗaya ba. Na SonoVue, ɗaya daga cikin magungunan wannan allura, matsakaicinsu kamar maikiromita 2.5 ne (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙasa da jan ƙwayar jini mai maikiromita 7 zuwa 8, shi ya sa suke ratsa huhu. Kumfar ruwan gishiri da aka kaɗa da sirinji sun yi girma, a huhu suke tsayawa.

Kowace kumfa tana da sautin da take amsawa, kamar ganga: babba ta amsa na ƙasa, ƙarama ta amsa na sama. Kan na'ura, wato abin da ake ɗorawa a jiki yana aika sauti, na duba ciki yana aiki tsakanin megahaz 2 zuwa 5 a ma'aunin kaifin sauti, daidai inda masu ɗan girma suke rawa, suna kumbura suna motsewa. Su ne tsiraru a kwalba, amma su ke riƙe da yawancin iskar, su ke ba da hasken. Idan aka koma kan na'urar duba wuya ko nono mai megahaz 9 ko fiye, ƙanana kaɗai ke amsawa, amsar ma ba ƙarfi, don haka akan ninka allura daga mililita 2.4 zuwa 4.8.

To manyan nan su ne farkon ɓacewa. Ajiye sirinji a tire na 'yan mintuna, za ka ga farin layi ya taso sama, su ne. Wajen haɗawa, a zuba mililita 5 na ruwan gishiri a garin maganin da ke cikin kwalbar, a girgiza daƙiƙa 20, a sake girgizawa kafin kowane zuƙa, a yi allurar nan take, a bi ta da ruwan gishiri mililita 5 zuwa 10. Siririyar kanula, wato bututun da ake sa wa a jijiya, da dannawa da ƙarfi suna fasa kumfa, shi ya sa ake son lamba 20 ko wadda ta fi ta faɗi. Kwalbar da aka haɗa awa 6 ne wa'adinta. Tsada ce, gaskiya, amma ta jiya ba ta aiki yau.

Sai lambar MI a gefen allo, mai nuna ƙarfin sautin da na'urar ke aikawa. A bar ta wajen 0.1 ko ƙasa. Ta haura sosai, kumfar ta fashe kafin a kai zangon ƙarshe na bayan minti 2, inda ake duban ko ƙarin da ya tsiro a hanta ya zubar da haskensa. Allura ta yi yawa kuma, saman hanta ya yi fari fat, ƙasa ya koma inuwa.